Bishiyar da Na Yi wa Hidima da Ƙanƙara

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na uku ba. Ko na so in manta ma mutanen Yalwawa ba za su bar ni ba, domin har gobe idan baƙo ya shigo unguwar yana neman gidana, ba wanda ke wahalar da kansa da lissafin layi. Cewa ake yi, "Ka miƙe kawai, za ka ga gidan mai fici." Shi kuma baƙon, bawan Allah, sai ya taho yana ɗaga kai yana neman abin da bai taɓa gani ba.

Bari in faro daga tushe. Fici wani ɗan itace ne na ƙasashen sanyi, girmansa ya kai na lemon zaƙi, bayansa da ɗan gashi-gashi, cikinsa ruwa da zaƙi da ƙwallo guda mai tauri. Ni ma ban san da shi a duniya ba sai shekarar da Allah ya nufe ni da zuwa Umara. A wani kanti kusa da masaukinmu a Madina na saya, na gatsa, ruwan ya gangaro mini har gwiwar hannu. Mai hankali da sai ya ce alhamdu lillahi, ya lashe hannunsa ya yi gaba. Ni kuwa a tsaye a wurin na yanke hukuncin cewa duk manoman Jigawa barci suke yi, kuma ni ne zan tashe su. Ƙwallo biyar na ƙulle a cikin safa na dawo da su gida. (Jama'a na dawowa da zamzam da carbi, ni na dawo da abin da ake tofarwa.)

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne ina da garka. A bayan tsohon garin Dutse take, dabino goma sha huɗu ne a cikinta. Kakanmu ne ya sayar da shanu ya fara dasawa lokacin da ya gaji da yawon kiwo, mahaifina ya ƙara wasu da hannunsa. Da mahaifina ya rasu aka yi rabo, garkar ta faɗo a kasona, amma ƙaninsa, Baffa, shi ya ci gaba da kula da ita, tunda ni ma'aikacin ofis ne, abin da na sani game da dabino bai wuce cire ƙwallo ba. Duk shekara Baffa yakan aiko mini da rabona, ni kuma in karɓa ina yatsina fuska. A lokacin nan ba abin da na raina kamar dabino. Itacen da sai ka yi shekaru kana jira, sai ka hau shi da igiya, ƙaya ta soke ka, sannan ka sauko da abin da kowace mai talla ke da shi a faranti? Ni dai na gama shiri: a sare su gaba ɗaya, a dasa fici, in zama mutum na farko da ya kawo shi Arewa.

Sai dai a gidanmu ba a ɗora gatari a kan dabino babba yana raye bai ce to ba, ko da kuwa takarda ta ce naka ne. Don haka na sa babbar riga na tafi wurin Baffa. Na tarar da shi a garkar yana gyaran igiyar hawa. Na tsuguna na gaishe shi, na zaro waya na shiga nuna masa hotuna, ina bayani da Hausa rabi Turanci rabi. Ya saurare ni har na gaji don kaina.

"To, ɗana, shi wannan abin, ka taɓa ganin bishiyarsa?"

"A waya na gani, Baffa. Ai yanzu komai yana waya."

"Madalla." Ya ci gaba da murza igiyarsa. "Wancan na gefen rijiya, ubanka ya dasa shi shekarar da aka haife ka. Amma naka ne, ba zan hana ka ba. Ka dasa guda ɗaya a gidanka tukuna. Ranar da ya yi fure ka kira ni in gani da idona. In na gani, ni zan wasa maka gatarin."

Na fito ina dariya a raina, ina cewa tsoho ya shiga tarko. Ban ko waiwayi dabinon gefen rijiya ba.

Wayar ta ce ƙwallon fici ba ya tsiro sai ya sha sanyi, don haka na kori kayan miyar matata Sa'adatu daga firji, na ba ƙwallayena wuri na wata biyu. Firjin nan kuwa yini ɗaya da wuta, yini biyu babu. Da damina ta kama na haƙa rami a harabar gidan, tsakanin get da ƙofar shiga cikin gida, na cika shi da takin awaki buhu guda da na sa aka kwaso mini daga wani garke da ke kwana a gindin bishiyoyin bakin hanya. Na binne ƙwallayen biyar na tofa addu'a. Sati uku shiru. A na huɗu, da safe, sai ga ɗan tsiro guda ɗaya, ganyensa ja-ja, yana sheƙi. Na yi kabbara har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Na buɗe waya na gwada. Ganyen fici dogo ne, siriri, mai tsini, gefensa da ƙananan haƙora, sabon tohonsa ja-ja. Nawa ma dogo, siriri, mai tsini, da haƙora. Me kuma ya rage? Cewa ganyen nawa jere suke bibbiyu a kan kara ɗaya, na hoton kuma ɗai-ɗai, wannan ban ɗauke shi abin tsayawa ba. Na ce ai irin Madina ne, hoton kuma na Turai ne.

Sa'adatu ta zo ta tsaya a kaina da tsintsiya a hannu, ta duba, ta sake dubawa.

"Abban Hanifa, ni kuwa ganyen nan kamar na san shi."

"A ina za ki san shi? Ke da ko Kaduna ba ki taɓa wucewa ba?"

"Wallahi kamar na darbejiya."

Ranar na yi mata wankin babban bargo. Na ce wannan shi ne ciwon mutanenmu, a kawo musu ci gaba su ce darbejiya ce. Na ce wanda idonsa bai saba da komai ba sai gero da dawa, duk koren abu ɗaya ne a wurinsa. Ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta ci gaba da shararta. Daga ranar ba ta ƙara cewa uffan a kan bishiyar ba, shekara uku cur. (Yanzu na gane shirun nan ba biyayya ba ce, jira ne.)

Don kada idon jahilai ya sake sauka a kanta, na sa aka kafa turaku huɗu dogaye, aka kewaye ta da koriyar ragar nan ta masu renon dashe, ninki biyu, har sama, da 'yar ƙofa da nake ɗaurewa da wayar ƙarfe. Na ce rana ce nake kare mata, kuma akwai gaskiya a ciki, tunda wayar ta ce zafin irin namu yana ƙona fici. Ba mai shiga sai ni. Abokan aikina a ofis kuwa sun sha bayani har sun ƙoshi. Duk wanda ya miƙo mini dabino sai in ce na gode, na kusa daina cin abincin raƙuma.

Sai kuma maganar sanyi. Ashe fici ba ya fure sai ya yi barci, kuma ba ya barci sai ya sha sanyi mai tsanani na makonni, irin wanda ruwa ke daskarewa. Mu kuwa sanyinmu na Dutse, wanda ke sa mu ƙudundune da rigar sanyi biyu, a wurin fici bazara ce. Wani da ya karanta wannan sai ya rufe waya ya je ya ba baffansa haƙuri. Ni sai na nemi mai ƙanƙara. Daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu, kullum da sassafe babur ke sauke mini manyan ƙanƙara biyu a ƙofar gida, irin wadda masu sayar da lemo ke fasawa. In jera su a gindin bishiya in rufe da buhu. 'Ya'yana na shan ruwan randa, itace na shan ƙanƙara. Maƙwabcina Malam Sani, wanda muke sallah sahu ɗaya, ya taɓa tare ni da fuskar tausayi ya ce, "Maƙwabci, lafiya dai ko? Ko wani ne ba lafiya a gidan?" Na ce masa kimiyya ce, ba zai gane ba.

Bishiyar kuwa sai girma take kamar ana jan ta. A shekara ta biyu ta wuce tsayina, sai da na ƙara turaku. Wannan ma na mai da shi hujja: ga shi nan, ƙasar Jigawa ta karɓi fici hannu bibbiyu. Matsala ɗaya, ta ƙi zubar da ganye lokacin sanyi kamar yadda littafi ya ce. Na bincika, na ga a ƙasashe masu zafi manoma kan tsige ganyen da hannu don su tilasta mata barci. Na shiga raga na tsige ta tas. Da na zauna cin tuwo, duk da na wanke hannu, loma ta farko ɗaci ya gauraye mini baki har maƙogwaro. Ɗacin nan na san shi. Duk ɗan da aka taɓa dafa wa ganye don zazzaɓi a ƙasar nan ya san shi. Harshena ya gaya mini gaskiya ƙarara a ranar, amma sai na koma waya, na kuwa samu inda aka rubuta cewa ganyen fici ma yana da ɗaci. Na yi hamdala na ƙarasa tuwona.

A shekara ta uku, da zafi ya fara shigowa, na shiga raga wata safiya na ga fure. Ƙanana ne, farare, a jere kamar zangarniya, da ƙamshi mai daɗi. Na hoton manya ne, ruwan hoda. Kun dai san abin da na ce: irin Madina ne. Kwana biyu bayan haka Sa'adatu ta haihu, namiji. Na ce shi ke nan, Allah ya haɗa mini biki biyu. Maimakon in kira Baffa shi kaɗai ya gani, kamar yadda ya nema, sai na ƙudura cewa ranar suna zan yaye ragar a gaban kowa. Ina son shaidu, don kada tsoho ya ce bai ce ba. Har gatari na saya sabo na jingine a bayan ƙofa.

Satin nan ban leƙa bishiyar ba, ina ta fama da neman rago da goro da aika saƙo. Goggo, yayar mahaifina, ta zo daga Taura tun ranar haihuwa don ta kula da mai jego, ita ke dafa ruwan wanka safe da yamma. Ni dai ina ganin hayaƙi na tashi a bayan gida, ban taɓa tambayar komai ba.

Ranar suna harabar gidan ta cika. Ga Baffa a kan darduma, ga surukina, mahaifin Sa'adatu, da tawagarsa mota guda daga Miga, ga liman, ga Malam Sani, ga abokan ofis da na yi shekara uku ina cika wa kunne. Aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka fara rabon goro da dabino (dabinon garkar da nake shirin sarewa, Baffa ne ya kawo). Jama'a na shirin tashi sai na miƙe na gyara hula na ce a ɗan dakata.

Jawabin da na yi, da ana sayen mantuwa da na saya. Na ce lokaci ya yi da za mu fita daga duhun kai. Na ce kakanninmu sun yi iyakar abin da hankalinsu ya kai, amma duniya ta wuce zamanin hawa itace da igiya. A gaban Baffa na faɗi wannan, a gaban surukina. Sannan na kwance wayar da ke ɗaure da ƙofar, na kama ragar na fizge ta da ƙarfi, ta zube ƙasa.

Jama'a suka zuba wa bishiyar ido. Na ɗauka mamaki ne. Na juya don in nuna musu furen, sai na ga duk rassan ƙasa na ɓangare guda an karye su, sai guntaye. Raina ya ɓaci, idona ya rufe, na manta da surukai na ɗaga murya.

"Wane mara tsoron Allah ne ya shigar mini raga? Wa ya karya mini fici? Shekara uku ina wahala!"

Sai ga Goggo ta fito daga cikin gida, mayafi a kafaɗa, hannunta riƙe da 'yar wuƙa. Ta gaida maza a tsaitsaye, ta ratsa ta gabana, ta kama wani reshe ta fara yanka.

"Goggo! Me kike yi haka?"

"Yo ruwan mai jego ya tafasa, ɗan nan. Ka gama surutun ka matsa mini."

"Goggo, fici ne fa! Daga Madina!"

Ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi bishiyar.

"Wane ne kuma fici? Darbejiyar? Ai ni ce nake karya. Kwana bakwai ke nan da ganyenta nake yi wa matarka wanka. Tun daga bakin get na jiyo ƙamshin furenta ranar da na zo, na ce kai, yaron nan ya yi hankali, ya dasa wa iyalinsa darbejiya har ya yi mata ɗaki saboda awaki. Allah ya yi maka albarka, ka hutar da ni yawon nema."

Ta rungumi ganyenta ta koma ciki.

Ba wanda ya yi dariya nan take, kuma wannan ya fi komai ciwo. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Surukina ya kafa wa takalminsa ido kamar yau ya fara ganinsa. Malam Sani ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa ina tsaye riƙe da gefen raga, ina kallon bishiyar da idon da ya kamata in kalle ta da shi tun shekara uku da suka wuce. Darbejiya ce. Irin wadda ke ƙofar masallacinmu, da bakin asibiti, da makarantar firamaren da na yi. Ƙwallayena biyar sun ruɓe a rami tun daminar farko, ƙwallon darbejiya da ya biyo takin awaki shi ya tsiro ya gaje gidan.

Duk da haka (ku ji ƙarfin hali) sai da na buɗe baki na ce, "Ai suna kama ne, dangi ɗaya ne a kimiyyance."

Baffa ya dafa ƙasa ya miƙe a hankali. Ya zo gindin bishiyar, ya zaɓi wani siririn reshe, ya karya, ya zage ganyen, ya tauna bakinsa har ya yi laushi, ya shiga goge haƙora a nutse. Ya tofar gefe.

"Asuwakin dai mai kyau ne," in ji shi. "Ban taɓa jin mai sanyin wannan ba. Ko don ƙanƙarar ne?"

Nan wurin ya fashe. Har liman sai da ya share hawaye. Daga cikin gida na jiyo mata sun ɗauka, kuma a cikin muryoyin na tsinkayi ta Sa'adatu, mai jegon kwana bakwai, tana dariyar da ta tara shekara uku. Na so ƙasa ta tsage in shige. Wallahi ban san yadda aka watse ba, na dai tsinci kaina ina miƙa wa mutane hannu ina cewa mun gode, ba tare da na kalli fuskar kowa ba.

Da la'asar, bayan an feɗe rago an raba, Baffa ya sa aka kira ni zaure. Gatarin da na ɓoye a bayan ƙofa yana jingine kusa da shi, ashe ya gani tun safe. Na zauna a ƙasa ina jiran faɗa, ina ganin na cancanci fiye da haka. Sai a lokacin abin ya dake ni sosai: da a ce ƙwallon nan ɗaya ya tsiro ya yi ko da fure biyu ne na wahala, da yanzu dabinon da mahaifina ya dasa shekarar haihuwata yana kwance a ƙasa, da hannuna. Kunyar safe ta jama'a ce, wannan kuwa tawa ce ni kaɗai, kuma ta fi nauyi.

Baffa bai yi faɗa ba. Ya jawo buhunsa ya zaro igiyar hawa, wadda na tarar yana gyarawa ranar da na je masa da hotuna, ya ajiye a gabana.

"Gwiwata ta fara ƙi, ɗana. Na daɗe ina tunanin wa zan bar wa itatuwan nan, don ban zaci kana da haƙurin rainon itace ba. Yau na ga kana da shi. Mutumin da ya yi wa darbejiya bauta shekara uku, in aka nuna masa itacen kirki ai zai riƙe. Asabar ka zo da sassafe. Ka bar wayar a gida." Ya ɗauki gatarin ya saɓa a kafaɗa. "Wannan kuma zan tafi da shi, ina da itacen girki da zan faskara."

Yanzu shekara biyu ke nan duk Asabar ina garka. Na iya hawa, ko da yake har yanzu Baffa na cewa ina hawa kamar mai neman sabis. Ƙaya ta soke ni ba adadi. Na gefen rijiyar nan shi ya fi kowanne zaƙi, kuma ban taɓa sanin haka ba sai da na tsinko da hannuna.

Darbejiyar tana nan, ta yi inuwa har waje. Sa'adatu ta hana a sare, wai ita ce shaidarta. Duk matar da ta haihu a layinmu sai an aiko a ce a taimaka da ganyen fici na wankan jego, kuma da wannan sunan ake aikowa, ba ko murmushi. Ni ke karyowa in bayar. Abin da na koya bai da yawa: in harshenka ya ce maka abu da ɗaci, kada ka je ka tambayi waya, kuma in matarka ta ce kamar ta san ganyen nan, ka tsaya ka ji a ina ta san shi kafin ka kira mai ƙanƙara.